Wutar da Inna Ke Sa a Ƙara

A gidanmu na Danchadi, da an idar da magariba lokacin sanyi, kakarmu Inna takan sa a hura karan dawa a tsakar gida mu kewaye ta. Kowa ya zauna inda ya ga dama, ban da ƙanwata Hadiza. Ita sai an jingina ta da buhun gero, daidai gaban Inna, inda hasken wuta ke dukan fuskar tsohuwar.

Hadiza ta yi shawara mai tsanani tana jaririya, abin ya taɓa mata ƙwaƙwalwa. Ta tashi ba ta iya tsayuwa, hannuwanta suna murɗewa ba da sonta ba. Gidanmu kaf ƙafafun nan aka sa wa ido. An shafa man shanu, an yi turare, Baba ya goya ta a babur har Kajiji wurin mai ɗori, alhali ba karaya ta yi ba. In an kira ta ba ta waiga ba, sai a ce ciwon ne ya cinye mata hankali. Har yau in na tuna wannan magana raina ɓaci yake yi.

Inna na cewa, "Ga ta nan, ga ta nanku," mu amsa da ƙarfi, Hadiza kuwa ta kafa wa bakinta ido. Da wuta ta fara lafawa sai ta fashe da kuka. Inna ta ce a ƙaro kara, Gwaggo Ige ta yi tsaki.

"Haba Inna, karan ga na tuwo na! Ɗiyag ga mi taka ganewa?"

"Ƙaro dai, Ige. Ita da ido taka saurare."

Akwai tatsuniyar da Inna ta maimaita har muka gaji da ita. Wai wani mutum ne da jakinsa gurgu. Kullum yana ɗaure ƙafar, yana shafa mata magani. In ya kira jakin bai zo ba, sai ya hau shi da sanda, ya ce gurguntar ce ta hau masa kai. Rannan tsuntsun nan carki ya sauka a wuyan jakin, ya leƙa kunnensa, ya tarar kaska ta cika shi taf. Ya ce wa mutumin, "Kai, jakin ga ƙafa ɗai gare shi? Ba ka taɓa duba sauran jikinai ba?" Ƙurunƙus, in ji Inna, tana hararar Baba. Baba kuwa ya yi dariya ya ce tsohuwa akwai ban dariya.

Ba a tatsuniya kawai ta tsaya ba. Ta faɗa masa ƙiri-ƙiri, "Ɗiyag ga ba ta ji, ka kai ta a duba kunnenta." Aka ce tsufa ne. Yarinyar da ba ta tafiya, wa zai ɓata lokaci a kan kunnenta?

Sai da na yi aure a Bodinga, Inna ta riga ta rasu, na ɗauki Hadiza da kaina zuwa asibiti a Sakkwato. Likitar ta ce masu irin lalurarta sau da yawa ba gaɓɓai kaɗai abin ke shafa ba. Wani farfaɗiya, wani ido, wani haɗiyar abinci, wani kunne, kuma shawarar jarirai ta san hanyar kunne sosai. Ta tambaye ni me ya sa ba a kawo ta tuntuni ba.

Da aka sa mata na'urar ji muka dawo gida, na zaunar da ita gabana na ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Ta zabura, ta dubi bakina, sannan da ƙyar ta haɗa, "Ta zo mu ji ta." Ashe tun tuni ta haddace amsar daga leɓɓan Inna.

Gwaggo Ige ta ce ikon Allah. Hankalin Hadiza yana nan tun farko, kuma duk gidan mutum ɗaya ce ta yarda da hakan. Ita ce kuma wadda Hadiza ba ta taɓa jin muryarta ba.