Kafin Shayi na Uku Ya Sauka

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da dogayen kalmomin Ingilishi da na sha wuyar haddacewa, amma watannin da na yi a Gure ina shirin jarrabawar rubutu ba za su taɓa fita daga raina ba, ko da tsufa ya kwashe sauran.

A lokacin ina aiki a ofishin kula da dabbobi, wanda kowa a garin yake kira elebaj. Aikina shi ne in hau babur in bi rugage da rijiyoyi ina yi wa shanu da awaki allurar rigakafi. Ana nan sai aka buɗe wata dama ta ƙaro karatun likitancin dabbobi a wata ƙasa da ake koyarwa da Ingilishi, komai kyauta, na shekara biyu. Sharaɗin kawai shi ne mutum ya ci jarrabawar ƙwarewa a harshen, wadda aka raba kashi huɗu: sauraro, karatu, magana da rubutu. Na shiga mota na tafi Yamai na zauna jarrabawar. Kashi uku suka yi kyau, rubutu ya tiƙa ni da ƙasa. Masu ba da gurbin suka ce saura mini zama ɗaya kafin su rufe, ga shi shekaruna sun kai bakin iyakar da suka sa. In na sake faɗuwa, maganar ta mutu ke nan.

Abin ya ƙona mini rai ƙwarai, don rubutu shi ne abin taƙamata. A lise, makarantar sakandare ke nan, in aka ba mu disertasiyo, wato dogon rubutun nan na Faransanci, takardata ake ɗagawa a karanta wa aji. Na iya tsarin kamar sallah. Ka fara daga nesa, tun lokacin da ɗan Adam ya fara tunani. Ka kawo hujjojin masu cewa e, ka kawo na masu cewa a'a, sannan ka sulhunta su kowa ya tashi ba a ɓata masa ba. Kai kanka kuwa ka ɓuya, don an koya mana cewa rubuta “ni” rashin ladabi ne. Da wannan kayan na tunkari Ingilishi, ina ta hura hanci.

Wani abokin aikina ne ya ce in je wurin tsohon malaminmu na Ingilishi, wanda duk Gure ke kira Mushe kawai, wato “malam” da Faransanci, kamar babu wani malami sai shi. Mutumin yamma ne, daga wajen Doso, gwamnati ta turo shi tun yana saurayi, ya zo da niyyar shekara biyu, garin ya riƙe shi har ya yi ritaya. Hausarsa har ya tsufa ba ta rabu da ƙamshin Zabarmanci ba. Kullum bayan la'asar yana ƙofar gidansa a gindin dogon yaro, da tabarma, da murhun gawayi na waya, da 'yar butar shayi shuɗiya da ta sha wuta.

Ba shi da agogo, ko kuma yana da shi bai yarda da shi ba. Shayi ne agogonsa. Zai faɗa mini tambaya yana ɗora buta a wuta. Kafin ya zuba na farko mai ɗaci, dole in gama tsara abin da zan ce. Na biyu ya same ni a tsakiyar rubutu. In na uku ya sauka, in ajiye alƙalami ko da a tsakiyar kalma nake. Har yau in na ji ƙamshin na'ana'a a shayi sai yatsuna su fara neman alƙalami.

Ranar farko ya ba ni tambaya a kan ko ya fi kyau yara su yi karatu a gari ko a ƙauye. Na duƙufa. Da shayi na uku ya sauka na miƙa masa shafi biyu cike, ina jiran yabo. Ya ɗora tabarau a karan hanci, ya karanta har ƙarshe, ya juya takardar ya duba bayanta kamar mai neman wani abu da ya faɗi.

“To, likita,” ya ce, “Ingilishin dai ba laifi. Amma kai kana ina?”

“Ga ni nan, Mushe.”

“A tabarma na gan ka. A takarda nake nufi. An tambaye ka me ka gani, kai kuma ka tara mini mutanen duniya suna gardama, ka laɓe a bayansu. Mai gyaran jarrabawar nan ba shi da lokacin gaisuwa. Layin farko yake so ya ji inda ka tsaya. Sai dalili, sai misali. Sai ka kawo abin da mai jayayya zai ce, ka ba shi amsa. Wala, an gama.”

Na ce na gane. Ban gane ba. Kai ya karɓa, hannu ya ƙi. Mako ya bi mako, duk tambayar da ya ba ni, ko a kan wayar hannu ce ko a kan sare itatuwa, sai in ga alƙalamina ya kama hanyar zagaye shi kaɗai. In na tilasta wa kaina na rubuta “ina ganin”, sai in ji kamar na shiga zauren manya da takalmi, in yi sauri in bi shi da “amma kuma wasu na cewa” har ra'ayin ya narke. Mushe ya yi faɗa, ya yi zolaya, wata rana har ya hana ni shayi na biyu. Ranar jarrabawa kuwa sai ƙara matsowa take.

Wata la'asar, damina ta ja baya, gero ya fara nuna, ya ɗora buta ya ce, “Tambayar yau: ya dace matashi ya bar tsofaffin iyayensa ya tafi karatu ƙasar waje?”

Na zauna da alƙalami a hannu. Na farko ya sauka ban rubuta komai ba. Na biyu ya sauka ina bayani a kan tarihin tafiye-tafiye. Da na uku ya zo, ya karɓi takardar, ya leƙa kawai, ya ajiye ta a ƙarƙashin tiren shayi.

“Kai ɗan fari ne, ko?”

Na yi mamaki. Na ce e.

“Na sani. Shekaruna nawa ina koyar da 'ya'yan makiyaya a garin nan. Tsohonka ya san da tafiyar?”

A nan sai in ɗan yi wa mai karatu bayani. Mu makiyaya ne, rugarmu tana wajen Kelle, Fulatanci a gida, Hausa a kasuwa. A wurinmu uba yana jin kunyar ɗansa na fari. Ba ya kiran sunansa, ba ya zama hira da shi, ba ya ma kallonsa sosai a gaban mutane. Ni tun da na buɗe ido ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. In yana son in ɗauko masa buta, sai ya dubi sama ya ce, “Ba kowa ne a gidan nan da zai kawo ruwa?” Da na fara aiki sai na zama “mai babur”. In ina da magana, sai in gaya wa ƙaninsa, wanda muke kira Baffa, shi kuma ya nemi lokacin da ya dace ya kai. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya san haka. Na sha ganin Baba ya zaɓi akuyar da ta fi ƙiba ya ce a yanka “tun da an yi baƙi”, alhali ni kaɗai na zo.

Na ce wa Mushe, “Na gaya wa Baffa.”

“Shi kuma ya gaya masa me?”

Na sunkuyar da kai. Gaskiyar ita ce, na zagaya wa Baffa maganar, shi ma ya ƙara zagayawa, kafin ta isa kunnen Baba ta koma wani ɗan taron ƙara wa juna sani da za a yi a Yamai. Tsohon bai san ana maganar shekara biyu da ƙetare ba.

Mushe ya daɗe yana fifita gawayi. Sannan ya ce, “Ɗana, ni ba zan zagi al'adarku ba, tana da kyawunta. Amma mutumin da bai taɓa cewa ubansa ‘ina so’ ba, yaya zai ce wa baƙon da bai taɓa gani ba? Aikin gida na wannan mako ba na takarda ba ne. Je ka ruga. Layin farko, dalili, misali. In ya yi jayayya ka ba shi amsa da ladabi. Kar ka dawo mini nan sai ka yi.”

Wallahi da ya ce in sake zama jarrabawar sau goma da ya fi mini sauƙi.

Ranar Asabar na hau babur. Hanyar nan ta yashi da nake bi ido rufe, ranar sai na ga ta yi gajarta. Na sami Baba a bakin rijiya da hantsi, ana shayar da shanu, yana tsaye da sandarsa a kafaɗa, hannuwa rataye a kanta. Na durƙusa daga nesa na gaishe shi. Ya amsa yana kallon wata jar saniya da yake ji da ita, ya ce mata, “Mai babur ya zo ba ranar allura ba. Allah ya sa lafiya.”

Na fara. Na tambayi lafiyar garke. Na yi maganar ruwan bana da ciyawa. Na shiga bayanin yadda zamani ya canza, ilimi ya zama dole. Ina cikin haka sai na ji kaina, na gane disertasiyo nake yi a bakin rijiya, kuma shanun sun kusa gama sha, za a kora su daji. Shayi na uku ke nan yana shirin sauka. Na miƙe tsaye. Da Fulatanci muka yi, amma ga abin da na ce.

“Baba, ina so in tafi karatu ƙasar waje, shekara biyu. Na zo in gaya maka da bakina, in nemi izininka.”

Mai jan guga ya tsaya cak. Baba bai motsa ba. Tun da bakin ya riga ya buɗe, sai na ci gaba. Na ce abin da na sani allura ce kawai, ban san cutar da nake yi wa allurar ba sosai. Na tuna masa shekarar da ciwon huhu ya shiga garke, muna tsaye muna kallo shanu suna faɗuwa, ni da rigar aikina ban iya komai ba.

Na zaci ya ƙi ni ke nan. Can ya ce, har yanzu idonsa a kan saniyar, “Waɗanda suka tafi, nawa suka dawo? Ni kuma na tsufa.”

Na ce, “Wasu ba su dawo ba, gaskiya ne. Ni abin da zan koyo ba shi da amfani sai a inda shanu suke, shanunmu kuwa a nan suke. Tsufanka kuma shi ya hana ni barci, shi ya sa ban yarda in tafi a kan maganar da ba ka ji daidai ba.”

Sai ya sauke sandar daga kafaɗa. Ya juyo ya dube ni, ido cikin ido, ya kira sunana. Sunana na yanka, cikakke, a hankali, kamar yana ɗanɗana shi. Ban san muryarsa za ta iya furta shi ba. Ya ce, “Ashe ka girma. Je ka. Allah ya kai ka, ya dawo da kai.”

Na koma bayan babur na yi kuka kamar yaro, ba na jin kunyar faɗa.

Na koma na ba Mushe labari. Ya ɗora buta, ya sake ba ni tambayar nan ta barin tsofaffin iyaye. Kafin na biyu ya huce na gama. Ya karanta, ya cire tabarau, ya ce, “Yauwa. Ga ka nan.” A Yamai tambayar da aka ba mu a kan motoci ce a manyan birane, abin da bai dame ni ba ko kaɗan, amma a layin farko na faɗi inda na tsaya. Na ci, na tafi.

Ina shekara ta biyu a can Baffa ya kira ni a waya. Baba ya rasu bayan 'yar gajeriyar jinya. Na dawo kamar yadda na yi alkawari, na sami jar saniyar da 'yan maruƙanta, shi ban same shi ba. Mushe ma ya bi bayansa ba da daɗewa ba, dogon yaron yana nan, wasu ne ke zama a gindinsa yanzu. In na lissafa, tsayuwar nan a bakin rijiya ita ce hira ɗaya tilo da na taɓa yi da mahaifina, ni da shi ba ɗan aike. Da na bi ta hanyar Baffa kamar kullum, da na tafi da takardar cin jarrabawa, ban taɓa jin sunana a bakinsa ba har abada.

Har yanzu ina son doguwar gaisuwarmu, ina kuma girmama kunyarmu. Abin da na koya shi ne, in kana da magana mai nauyi da wanda kake ƙauna, ka gaishe shi, sannan ka faɗe ta da bakinka tun yana tsaye a gabanka, don ba ka san yaushe za a sauke buta ba. 'Yata ta fari tana aji uku yanzu. Kullum da safe sai na kira sunanta da ƙarfi, maƙwabta suna ji, tsofaffi suna girgiza kai.