Baƙin rasit ɗin Mama

A gidanmu na unguwar Turaki, duk takardar da ta shigo sai Baba ya sa an yi mata laminatin, wato a rufe ta da roba cikin inji mai zafi. Takardar baftismarmu, ta fanshonsa, har katin rigakafin akuyarmu. Da ina daɗewa zaune wuri ɗaya, da ni ma an manne ni.

Mama tana da shagon ɗinki a bakin titi, keken ɗinki ɗaya da benci. Masu karɓar haraji sun fi masu kawo ɗinki zuwa. Akwai na kuɗin shago, akwai na shara, akwai na allon da ke ƙofa. Na taɓa tambayar Baba wanne ne na ƙaramar hukuma, wanne ne na jiha. Mutumin da ya tsufa a aikin gwamnati, sai ya ce in je in wanke kwanuka.

Bara Mama ta sayar da gyaɗar da kawuna ya aiko daga Sunkani, ta biya kuɗin shago na shekara. Aka ba ta ɗan siririn rasit daga injin nan na hannu. Ta dawo gida tana waƙar coci.

Baba ya duba ya ce mini, "Ke, gumi ma zai cinye wannan. Kai shi laminatin."

Na kai. Ya shiga inji fari, ya fito baƙi wuluk kamar gindin tukunya. Ashe da zafi ake rubutu a irin wannan takarda, in ta sha zafi gaba ɗaya sai ta ƙone.

Mai injin ya juya shi ya ce, "Ƙanwata, aƙalla ruwa ba zai taɓa shi ba." Har kuɗinsa ya karɓa.

Baba ya yi kwana uku yana ɗaga shi a rana, wai yana hango wani abu.

Ana saura mako biyu Kirsimeti, shago cike da atamfofin mutane, masu haraji suka zo. Mama ta miƙa wa babbansu rasit.

"Madam, rasit na ce, ba gawayi ba."

"Ɗana, na biya. Wani dogo ne ya karɓa, har ruwa na ba shi."

"An canja waɗancan ma'aikatan. Ki je ofis."

Muka je ofis. Wata mata ta ce abu mai sauƙi ne, mu karanto mata lambar da ke jikin rasit. Na ce lambar tana ciki, tana hutawa. Mama ta mintsine ni, matar kuma ta kira na gaba.

Da wa'adin da masu harajin suka ba mu ya cika, suka kwance kan keken, suka sa a bayan mota, suka bar mana ƙafafun. Sai an sake biya za a sake shi, gyaɗa kuwa ta ƙare. Masu atamfa suka zo ɗaya bayan ɗaya suka kwashe kayansu.

Har yau Mama tana buɗe shago kowace safiya. Da allura take gyaran yage, ƙafarta na taka fedar da ba ta juya komai. Na shara bai fasa zuwa ba.

Takardar da suka rubuta mana ta shaidar ɗauke keken tana wajen Baba. Ya shafa ta, ya tabbatar ta biro ce, sannan ya miƙo mini. Ban tambayi inda zan kai ta ba.