Gefe Ɗaya na Mandolin ɗin Odet

Eustaquio Tumulak ne sunansa a takardar coci, amma ko Fadan da ya yi masa baftisma bai sake gigin furta sunan ba, don kada harshensa ya ƙulle. Takyo kowa yake kiransa. Mu 'ya'yan baffanni da gwaggwanni kuwa mun ƙara masa da Mai Hannun Kada, domin in ya shafa kan yaro da tafin hannun nan nasa, sai an kai yaron wurin mai aski ya daidaita sauran gashin.

A unguwarmu ta tsibirin Mactan babu gidan da ba a yin jita ko mandolin, kowa da ɓangaren da ya iya. Wani sassaƙa wuya, wani fenti, wani ɗaura tsirkiya. Takyo gefe yake lanƙwasawa, wato siraran katakon nan biyu da suke zagaye cikin mandolin, su haɗu a wuya, su haɗu a gindi. Daga falle ɗaya ake tsago su, kamar tagwaye, don launinsu da zanen jikinsu su zo daidai. Kaurinsu kuma sananne ne tun zamanin kakanni: a kanga kwandalar peso a gefen katakon, in sun yi kai ɗaya, to ya isa hawa wuta.

Kayan aikinsa bututun ƙarfe ne da ya gada wurin ubansa, kuma Takyo yana rantsuwa daga cikin wani jirgin ruwa da ya nutse aka ciro shi. Jirgin kuwa kullum ƙara girma yake yi a bakinsa. Yakan cika bututun da gawayin ɓawon kwakwa, ya jira, sannan ya tofa masa yawu. In yawun ya kwanta yana tafasa, da saura. In ya yi tsalle ya gudu kamar an kore shi, wuta ta yi. Sai ya shafa wa katako ruwa kaɗan, ya ɗora shi a kan ƙarfen, ya riƙa murza shi gaba da baya yana dannawa a hankali, tururi na tashi. Akwai lokacin da katako yake sakin jiki a hannu, kuma wannan lokacin ne duk sana'ar. Ka riga shi, ya karye. Ka makara, ya ƙone. Takyo kuwa, a zamanin ƙarfinsa, yana hira yana dariya yana zagin maƙwabci yake yinsa, ko kallon hannunsa ba ya yi.

A kan bututu ne kaɗai bai taɓa makara ba. A sauran al'amuran duniya, ba a haifi mai jinkirinsa ba. Rufin kicinsa ya fara yoyo ana shagalin aurensa da Nang Pasing, kuma har yanzu kwanon da aka tara wa ruwan yana nan, ya zama ɗan gida.

'Yarsu ɗaya ce, Lourdes, ana ce mata Odet. A tsakar gidansu akwai wata bishiyar nangka, mai 'ya'ya kamar tulu, a ƙarƙashinta yarinyar ta koyi tafiya. Shekarar da ta shiga ƙungiyar makaɗan firamare, aka ba ta aron wani tsohon mandolin mai karkataccen wuya, a shekarar ce guguwar teku ta tuge bishiyar ta kwantar da ita a kan akurkin kaji. Odet ta yi kuka har muryarta ta dushe. Da Takyo ya sa zarto, sai ga cikin itacen rawaya kamar gwaiduwar ƙwai, da zane mai lanƙwasa kamar igiyar ruwa. Ya kira ta da Day, yadda muke kiran 'ya mace a wajenmu.

“Day, share hawayenki. Kin ga wannan? Mandolin ɗinki ne a ciki. Wanda babu irinsa daga nan har Manila.”

“Yaushe, Tay?” in ji ta, don haka muke kiran uba.

“Bari ya bushe tukuna.”

Ya jera fallayen a saman rufi. Suka bushe. Suka sake bushewa. Odet ta gama firamare da mandolin ɗin aro, ta gama sakandare da shi. Duk lokacin da ta ɗaga kai ta dubi rufi, sai uban ya ce akwai aikin wasu ma'aikatan jirgin ruwa da za su tashi jibi, ko wasu baƙi 'yan yawon buɗe ido suna jira, ko damina ce katako ya sha iska mai laima, ko rani ne ya yi tauri. Ba ƙarya yake yi ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Yana so ne ya yi shi a ranar da babu kowa a kansa, ranar da hannunsa ya fi kowace rana lafiya, kuma irin wannan ranar ba ta cikin kalandar kowa.

Fallayen kuwa suna ta raguwa. Fada ya roƙi ɗaya don gyaran bencin coci. Ɗaya ya zama kantar da ake ɗora mutum-mutumin Santo Niño, jaririn nan mai tsarki, a falo. Ɗaya kuma Nang Pasing ce ta sauke shi ranar da suka yi faɗa, ta mai da shi faifan yanka kifi, ta ce ita dai ta ga itacen nan ya yi wani amfani kafin ta mutu. Takyo ya samu ya sassaƙa baya da wuya, ya naɗe su a tsohon zane. Abin da ya rage na gefe, sirara biyu ne tak.

Odet ta yi karatun jinya, ta tafi aiki Riyad. Ta daina tambaya tun kafin ta tafi.

Shekara ashirin da wani abu bayan faɗuwar bishiyar, ta zo bikin waliyyin unguwa da labarin cewa ta sami aiki a Kanada, kuma can za ta zauna. Daga nan sai dai gani a waya. A makon ne kuma Nang Pasing ta ga mijinta ya sauke tukunyar masara daga wuta da hannu, babu tsumma, ya ajiye, yana ci gaba da magana. Ta kama hannun ta juya. Fatar ta yi fari, shi ko a jikinsa.

“Takyo, hannun nan ya mutu.”

“Barci yake yi.”

“To ka tashe shi. Yarinyar nan sati mai zuwa za ta hau jirgi. In ba ka yi mata abin nan yanzu ba, ka saka shi cikin akwatin gawarka ka tafi da shi, ka kaɗa wa ubanka.”

Washegarin biki da hantsi, unguwa duk ta yi laushi da naman alade da giyar kwakwa, Takyo ya hau tsani ya sauko da siraran nan biyu. Sun daina zama rawaya. Haka nangka yake, yana duhu da shekaru, sun koma launin zuma mai tsufa. Ya zauna yana kankare su, Odet kuma ta ja benci ta ɗauki mafici tana fifita gawayi, kamar yadda take yi tana ƙarama.

Sai ga Berting, ɗan baffansa, abokin tsokanarsa tun suna yawo babu wando. Shi yakan ce wa Takyo Noy, wato yaya, Takyo kuma ya ce masa Dong, wato yaro. Shi Berting ya daɗe da barin bututu. Wani bargon lantarki yake da shi, ya naɗe katako a ciki, ya matse, ya tafi shan shayi.

“A'a, yau kuma wace rana? Noy, kayan tarihi ka sauko da su? Ka bari in kira 'yan jarida.”

“Dong, koma wurin bargonka. Kai ba maƙerin mandolin ba ne, mai gugar kaya ne.”

“Gugata ba ta ƙona riga. Kawo in gani.”

Berting ya ɗauki siriri ɗaya, ya murza shi tsakanin yatsu, ya zaro kwandala daga aljihu ya kanga. Katakon ya ɗara kwandalar da kamar kaurin farce. Dariyar ta bar fuskarsa.

“Noy, wannan ai ƙofar kurkuku ce. Ka ƙara rage shi.”

“Na san abin da nake yi.”

“Na san ka sani. Shi ya sa nake mamaki.”

“Ka san sanyin Kanada? An ce in ka yi fitsari sai ka karya shi da sanda. Can katako tsagewa yake yi. Baƙi nake yi wa mai kaurin kwandala, su rataye a bango. Wannan na 'yata ne. Jikokinta za su gaje shi.”

“To kawo in sa maka a bargo, ya yi zafi ko'ina a lokaci ɗaya. Babu wanda zai ji labari. Ni ma zan ce a jirgin ruwan nan naka aka lanƙwasa shi.”

Odet ta yi dariya ta ce, “Tay, ka ba baffana Tiyo Berting mana.”

Bai ba shi ba. Shekara da shekaru yana ganin wannan ranar a ransa, kuma ko sau ɗaya babu bargo a cikinta. Ya tofa yawu, yawun ya yi tsalle. Ya shafa ruwa, ya ɗora.

Babban zagayen ciki ya zo lafiya. Ƙamshin nangka mai zafi ya cika rumfar, irin ƙamshin da tsakar gidan take yi a da idan 'ya'yan sun nuna. Nang Pasing ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu, ta tsaya. Saura lanƙwasar kusa da wuya, inda katako yake juyawa baya ya matse, nan ne kowane gefe yake nuna halinsa. Takyo ya murza, ya murza, yana jiran katakon ya saki jiki. Ya kasa kunne da hannunsa bai ji komai ba. Fatar katakon ta fara yin baƙi, cikinsa kuwa, saboda kaurin, zafin bai ratsa ba. Hannunsa na da zai ji yana turjewa, ya dakata. Da wannan hannun kuwa, sai ya ga baƙin da ido, ya tsorata, ya danna.

Ƙarar ba ta fi ta karya tsinken sakace ba. Ƙas.

Maficin ya tsaya a hannun Odet. Berting, wanda bakinsa bai taɓa rufuwa ba ko a wurin jana'iza, ya sunkuyar da kai yana duban silifas ɗinsa. Tsagar ta ratsa katakon a kwance, ta bi zanen nan mai kama da igiyar ruwa, bakinta a ƙone. Irin wadda gam ba ya riƙewa.

Takyo ya ajiye shi a hankali, kamar mai kwantar da jariri. Ya miƙa wa Berting hannu, Berting ya sa masa kwandalar. Ya ɗauki siriri na biyu ya kankare shi har suka yi kai ɗaya, ya shafa ruwa, ya ɗora. Wannan karon ko da mataccen hannu katakon ya bi shi kamar ganyen ayaba. Kafin shinkafar da Nang Pasing ta ɗora ta tsotse ruwanta, gefen ya fito cif, babu tabon wuta ko ɗaya. Ya ɗaure shi a jikin katakon siffa don ya huce a haka.

Odet ta taɓa shi da yatsa, da ɗuminsa.

“Shi ke nan, Tay? Iyakar aikin ke nan?”

“Shi ke nan.”

“Ni duk tsawon shekarun nan na zaci abu ne na wata da watanni.”

Ba da faɗa ta faɗa ba. Mamaki ne kawai take yi. Takyo ya tashi ya ce zai duba kaji, alhali rabon gidan da kaji tun guguwar nan.

Kwanakin da suka rage, kowa ya kawo dabara. Berting ya zo da sabon nangka, aka kanga, sai ka ce an jera gwaiduwa kusa da zuma. Ya ce a shafa masa launi, Takyo ya ce shi bai taɓa yi wa katako kwalliyar ƙarya ba. Nang Pasing ta wanke faifan kifinta ta kawo, amma wuƙa ta riga ta cinye shi, kuma ƙarnin da ke jikinsa zai iya tara magen Kanada gaba ɗaya. Kantar Santo Niño kuwa ta yi gajarta. Odet ta zauna kusa da shi ta ce, “Tay, ka sa kowane irin katako. Ko na akwatin sabulu ne. Ni dai in tafi da shi.”

“Mai fuska biyu? A ce Tumulak ne ya yi?”

“Wa zai sani a can?”

“Ni.”

Ta dube shi ta daɗe, sannan ta tashi ta ci gaba da haɗa kaya.

Filin jirgin sama a tsibirinmu yake, duk jirgin da ya tashi ta kan unguwarmu yake bi. Ranar tafiyarta Takyo bai raka ta ba, ya ce ƙafa na damunsa. Ya tsaya a tsakar gida, daidai inda kututturen nangka yake, yana bin kowane jirgi da ido har wuyansa ya ƙage, don bai san wanne ne nata ba.

Daga ranar bai sake hura wuta a bututun ba. Gefen nan ɗaya yana nan ɗaure a jikin katakon siffa, a rataye a ƙusa, baya da wuya kuma a cikin zanensu. Sabon nangkan da Berting ya kawo, Takyo ya hau tsani ya ajiye shi a saman rufi, wai ya tsufa ya kamo launin ɗan uwansa. Berting ya gaya masa, mu ma mun gaya masa, cewa na ƙusar ma ba zaune yake ba, kullum ƙara duhu yake yi. Ya ce ya sani.

Ranar Lahadi Odet takan kira. Nang Pasing ta riƙe wayar, shi kuma ya leƙo ta bayan kafaɗarta, ya tambayi sanyi, ya tambayi abinci. Kafin a kashe, sai ya ce, “Day, abin nan yana nan tafe.”

Ita kuma ta ce, “To, Tay.”