Muryar Kaka a Cikin Na'ura

Ni da taubashina, ɗan ƙanwar babana daga Kabo, muka kama shago a Gwarzo muna rubuta manhajar da wasu masu manhaja ke ɗora nasu aikin a kanta. Ni na haɗa mana gwaji mai sarrafa kansa: duk wanda ya tura sabon aiki, na'ura za ta harhaɗa shi ta gwada. In lafiya, allo ya nuna kore. In an yi ɓarna, ja.

Taubashina kuwa ko a jikinsa, an tsikari kakkausa. Ja zai fito, ya miƙe ya tafi sayen rake. Abin ya ishe ni.

Sai na je Getso wajen kakarmu, wadda bakinta ya fi barkono. Na ce ga mijinta na Kabo can yana ɓata aiki. Ta karɓi wayata ta ce, "Kai, ragon miji, abin da ka iya ke nan? Tashi ka gyara!" Na ɗauki muryar, na haɗa ta da gwajin da lasifika, yadda da ja ya fito za ta tashi.

Ranar farko muryar ta tashi daidai lokacin da maƙwabciyarmu, wata malama 'yar kudancin Kaduna, ta shigo cajin waya. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Taubashina ya rantse sai ya goge muryar. Ya goge, na mayar. Ya sake, na rubuta wani gwajin da ke dawo da ita da kansa.

"Wallahi sai na raba ka da tsohuwar nan," in ji shi.

"Matarka ce, kai za ka saka," na ce.

Bayan lokacin kaka ya wuce, Kaka ta rasu. Na kasa jurewa jin ta, na yanke shawarar cire muryar, amma na yi ta jan ƙafa. Sai na lura duk Juma'a gwajin yana faɗuwa, kuma kuskuren ko ɗan koyo ba zai yi shi ba.

Wata Juma'a na dawo daga masallaci da wuri. Daga bakin ƙofa na ji muryar Kaka tana faɗa. Taubashina yana zaune shi kaɗai gaban jan allo, bai taɓa komai ba.

"To, uwargida," ya ce a hankali, "yanzu zan gyara."