Kurwar Motar Maidawa

Duk wanda ya taɓa jiran mota a tashar Filinge ya san Maidawa, in ma bai san shi ba ya san motarsa. Tsohuwar Pijo ce doguwa, fentinta ya daɗe da yin ƙaura, ƙofar baya kuma da igiya ake ɗaure ta. 'Yan tasha suna kiranta Sai-an-tura, shi kuwa ko a jikinsa. Mutum ne dogo siriri mai jan ido, wanda gajiya ta zauna wa a fuska tun yana saurayi. Ƙuruciyarsa duk a hanya ɗaya ta ƙare, daga Filinge zuwa Bonkuku zuwa Baleyara ranar kasuwa, ya kai mutane da awakinsu ya dawo da su da buhunan hatsi.

Abin da aka fi saninsa da shi, bai taɓa saya wa motar nan sabon ƙarfe ba. In radiyata ta yi yoyo ya zuba mata garin kuka, in tanki ya tsage ya liƙe da sabulu. Masu baki suna cewa rowa ce. Ni da na san gidansa na san ba rowa ba ce, rashi ne ya daɗe a wurin har ya zama hali.

Uwarsa ta rasu yana ƙarami, yayarta Tambara ce ta rene shi a wani ƙauye kudu da Filinge, cikin ƙasar Kurfai. Tambara tana kan hanyar kakanni, 'yar bori ce ta sosai, da wuri a kitsonta da layu a damtse. Maidawa da ya shigo gari ya kama salla. Amma ban taɓa jin sun yi musu a kan wannan ba. Shi yana yi mata addu'a, ita tana yi masa yanka, kowa a ransa yana ganin shi ne ke riƙe da ɗan'uwansa.

Wata bazara ciwon ciki ya kwantar da ita. 'Yarta Halima, wadda ke aure a Sakkwato, ta zo ta tafi da ita babban asibiti a can. Aka yi magani har aka gaji, daga baya likita ya ce a kai ta gida a ba ta duk abin da ranta ke so. Kowa ya san fassarar wannan maganar. Halima ta kira Maidawa a waya, shi kuma ya cika tanki, ya tsallaka iyaka da motar da ko Yamai ba kasafai take zuwa ba.

Ya same ta ta ƙanjame, sai idanu. Halima tana kuka tana roƙon a bar ta nan ta yi jinyarta har ƙarshe, tsohuwa ko kallonta ba ta yi ba.

"Maidawa, ka zo? To ɗauke ni," in ji ta. "Ban mutuwa nan. In na mutu nan wa yas san ni? Su sa ni rami cikin baƙi, ko sunan ubana ba mai kira. Ka kai ni Kurhwai da raina, ko da lumhwashi guda yar rage."

"In sha Allahu, Inna."

"Ba in sha Allahu nac ce ba. Ka kai ni."

Ya kwantar da kujerun baya, ya shimfiɗa katifa, suka kama hanya da safe. Sun wuce Gwadabawa, rana ta take tsaka, sai ya ji wani abu ya yi fat a ƙarƙashin murfin inji, sai ga tururi. Ya gangara gefen kwalta ya buɗe. Zagayayyiyar robar nan da ke juya fanka da famfon ruwa ta tsinke, ta ma faɗi can baya a hanya, ko guntunta babu.

A nan fa sai na tsaya in yi bayani, don duk abin da ya biyo baya a kan kalma ɗaya ya rataya. Mutanen Kurfai da na ƙasar Sakkwato bakinsu kusan ɗaya ne, kowa yana jin kowa, sai an zo kan ƙarfe. Mu makanikanmu a bakin Faransawa suka koyi sunayen kayan mota, saboda haka robar nan kurwa muke ce mata. Su kuwa can fambel suka sani. Kurwa a wurinsu guda ɗaya ce, wadda ke jikin ɗan Adam, wadda maye ke kamawa. Maidawa ma ya san waccan, amma mutumin da inji ke tafasa a gabansa, tsohuwa tana nishi a bayansa, ina ya ga hankalin tuna wannan?

Ya buɗe wa Tambara ƙofofi don ta sha iska, ya taka zuwa wani ƙauye da ke kusa. Ya tarar da dattawa a gindin dalbejiya, ya yi sallama.

"Don Allah, ina nika samun kurwa garin ga?"

Suka dubi juna. Ɗaya ya ce, "Mi kac ce, baƙo?"

"Kurwa. Tawa ta tsinke bisa hanya. Ba sai sabuwa ba, ko tsohuwa ta, in dai da sauran ƙarhi gare ta. Tsohuwa ag gare ni cikin mota, in ban samu ba yau, ba ta kai gida."

Da a ce ya kwana yana shirya maganar da za ta ɗaure shi, ba zai yi wadda ta fi wannan ba. Dattawan suka kau da kai. Da ya ga haka sai ya wuce gaba yana tambayar duk wanda ya gamu da shi, yana mamakin yadda mata ke janye 'ya'yansu suna rufe ƙyaure. Wasu suka ruga bakin hanya suka leƙa motar, suka ga lamba ba ta ƙasarsu ba, suka ga tsohuwa kwance ƙashi da fata, da wuri a kai da layu har gwiwar hannu. Me kuma ake jira? Kafin ya kai ƙarshen gari an kewaye shi da sanduna.

Akwai wani Sule a garin da zazzaɓi ya kayar tun kafin Maidawa ya bar Filinge, amma wa zai tsaya wannan lissafi. Aka ɗauko shi a tabarma aka ajiye, aka ce baƙo ya tsallake shi ya sakar masa kurwarsa, kamar yadda ake sa maye ya yi. Sai a lokacin Maidawa ya gane abin da bakinsa ya jawo masa. Ya yi rantsuwa, ya ce ta mota yake nufi, hayaniya ta haɗiye maganar. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, mutum mai salla da furfura a gemu a ce masa maye a bainar jama'a. Amma ya dubi rana ya ga ta fara karkata, ya tuna wadda ya bari a mota.

"In tsallakawa ka sa ku bar ni, ku kawo shi," in ji shi. "In da wasu marasa lahiya ku haɗo su duka, sauri nikai."

Ya tattare rigarsa ya tsallake Sule. Yana sauke ƙafa sai wata mata ta kutso cikin taron, jikinta fari fat da gari. Balkisa ce, mai injin niƙa na garin, wadda ta taɓa zaman aure a Ƙonni, can ɓangarenmu.

"Baƙo, kurwa wace iri? Wadda ka juya inji?"

"Ita, baiwar Allah."

Ta juya ta dubi mazan garin ɗaya bayan ɗaya, ba ta ko yi dariya ba. "Fambel shika nuhi. Haka mutanen Nijar ka ce mishi. Kun sa dattijo ya tsallake Sule don fambel."

Sanduna suka fara komawa bayan riguna. Wani ya tuna yana da aiki a gona, a bazarar da ko ɗigon ruwa bai sauka ba. Sule da kansa ya tashi ya naɗe tabarmarsa.

Balkisa ta kai shi rumfar injinta, ta sauko masa da wani tsohon bel da ke rataye a ƙusa. Ya yi wa Pijo tsawo, ga shi ya sha jiki. Maidawa ya auna shi da igiya, ya yanke, ya fere bakunan biyu da aska don kada mahaɗin ya yi kauri. Ya sa ƙusa a wuta ya huhhuda, ya ɗinke da siririyar wayar da ake cirowa daga ƙonanniyar taya. Da ya sa hannu a aljihu Balkisa ta ce ya bari, kunyar da garin ya sha ta biya. Waɗanda suka zo dukansa ɗazu su ne suka ɗebo ruwan radiyata, su ne kuma suka tura motar.

"Mi yat tsai da kai?" in ji Tambara da suka hau kwalta.

"Gaisuwa, Inna. Mutanen nan akwai son baƙo."

Rabin yini ya tafi a banza. Da kyar suka tsallaka iyaka kafin magariba, suka kwana a Ƙonni. Da safe ya tsaya a gaban wani shagon kayan mota, ya daɗe yana kallon sababbin kurwoyi a rataye. Abin da ya rage masa na mai ne, in ya taɓa shi motar za ta samu kurwa ta rasa abin sha. Ya shafa ɗinkinsa ya ji da sauran ƙarfi, ya ja mota.

Ɗinki irin wannan ba ya son gudu, Tambara kuma ba ta da lokacin tafiyar hawainiya. Haka ya yini tsakanin biyun. In ya taka mai waya ta ci roba, in ya sassauta ya ji nishin da ke bayansa yana ƙara nisa tsakani. Kafin su kai Dogon Dutsi ɗinkin ya tsinke, ya fito ya yanke wurin da ya yage ya sake ɗinkewa. Bayan Doso ma haka, wajen Loga ma haka, kuma kowane ɗinki sai bel ya ƙara gajarta. Yatsunsa suka kumbura da ƙuna da sukar waya. Tun tana yi masa faɗa in ya tsaya har ta daina, sai dai in ya ɗiga mata ruwa a baki ta buɗe ido ta ce, "Mun kai?" ya ce saura kaɗan. Ya gaji har ya daina jin tsoro.

Suka wuce Baleyara, suka wuce Bonkuku da la'asar. Kaɗan gaba ya sake jin fat. Ya ja bakunan biyu iya ƙarfinsa, suka ƙi haɗuwa. Ya tsaya riƙe da guntun roba yana kallon hanyar da ta rage, wadda ko da ido rufe zai iya binta.

Ya leƙa baya ya ga idanunta sun faɗa, leɓunanta sun bushe. Ya tabbata a ransa ba za ta ƙara kai ko'ina ba, sai ya yi abin da bai saba yi mata ba.

"Inna, mun iso. Ƙasar Kurhwai ta wagga."

Ta ce ya sauke ta. Ya ɗauko ta, ba nauyi ko kaɗan, ya kwantar da ita a inuwar wani gawo. Ta baza tafin hannunta a kan rairayi, fuskarta ta saki. Ana haka sai ga wani mutum a amalanken jaki ya ɗauko kara, ya rage tafiya ya ɗaga musu hannu ya ce, "Fofo."

Tambara ta buɗe ido ɗaya. "Tun yaushe Kurhwayawa ka gaisuwa da Zabarmanci?"

Maidawa ya sunkuyar da kai.

"Maƙaryacin wohi. Tashi mu tahi."

Mai amalanken, Zaidu sunansa, bai nemi dogon bayani ba. Ya zubar da rabin karansa, aka ɗora katifa a kan sauran. Maidawa ya rufe motar ya bar ta nan bakin hanya, ya bi amalanke da ƙafa, hannunsa ɗaya riƙe da nata don ya riƙa jin ko tana nan. Suka bar kwalta suka bi ta gonaki. Rana tana faɗuwa suka ji dakan matan ƙauyensu, wata ta hango su ta kira sunan Tambara, da Hausa.

Aka shigar da ita ɗakinta. Tsofaffin 'yan bori ƙawayenta suka zo suka zauna kewaye da ita, suna kiranta da sunan ubanta da na kakanta. Ta nemi ruwan rijiyarsu, ta sha kurɓi biyu, sannan ta dubi Maidawa da ke durƙushe a bakin ƙofa.

"To, ka kawo ni. Tahi ka ga motarka kada a kwance ma taya."

Bai tafi ba. Ta cika da hantsi washegari, aka rufe ta kusa da iyayenta, yadda mutanenta ke yi. Maidawa ya tsaya aka yi komai da shi, ya karɓi gaisuwa, idonsa a bushe. Mutane har suna cewa direba zuciyarsa ta zama ƙarfe.

Sai bayan an watse daga zaman makoki ya koma wurin motar, da kurwa ta hannu da wani abokinsa ya ba shi. Ya tarar da ita a kan duwatsu, an kwance tayoyin baya. Ya zagaya ta, ya leƙa ciki ya ga kujerun baya har yanzu a kwance. Ya zauna a ƙasa ya jingina da ƙofar da ake ɗaurewa da igiya, kuka ya zo masa, irin na babban mutum, mai fita da kyar.

Wani mai babur ya tsaya, ya dubi motar, ya dubi Maidawa, tausayi ya kama shi.

"Haba dattijo, yi haƙuri, taya ta fa," in ji shi. "Ranar kasuwa ka tahi Baleyara, ana samun na hannu da arha."

Maidawa ya share fuska da hannun riga, ya gyaɗa kai, ya ce ya gode.