Ɗakin da Mace Za Ta Iya Ɗauka a Ka

Ranar da ruwa ya ci ƙauyenmu, rana ce ta fito fes. In na faɗa, mutane ba sa yarda. Ko yayyafi ba a yi ba. Na tashi da asuba na hura wuta, na ɗora ruwan zafi saboda 'yata Ummi, wadda ta zo gida wankan jego da jaririnta. Na tatsi saniyar da ta rage mana a gida, don sauran mijina Malam ya tura su tudu tun farkon damina. Inna, uwar mijina, tana zaune a inuwa tana jan carbi tana faɗa da kaji. Autata Sadiya ta shanya kuɓewa. Gero ya yi kai. Muna cewa bana kam an gode Allah.

Ƙauyenmu yana ƙasar Ringim, tsakanin kogi da titi.

Da hantsi kwaɗi suka fara kuka. Awaki suka ƙi tsayawa a turke. Bayan azahar muka ji wani ruri daga fadama, kamar tirela tana tahowa ba ta isowa. Sai lasifikar masallaci ta buɗe. Liman ko sallama bai yi ba.

"Ku fito! Ku bar kaya! Kowa ya nufi titi!"

Ruwan ta rariya ya shigo. Ja ne, ɗauke da kara da kashin shanu. Kafin na gyara ɗaurin zani ya rufe idon sawu. Kafin Ummi ta goya jariri ya kai gwiwa. Katangar maƙwabta ta faɗi. Ba wata ƙara ta yi ba, dim kawai, kamar an sauke buhu. Sai wata ta bi. Sai rumbunmu ya durƙusa, cikinsa ya buɗe.

Malam ya goya Inna. Na sunkuci tukunya da tabarma, na kama hannun Sadiya. Na kwance saniya, ta kama gabanta. A gona ruwa ya kai mana ƙirji. Ba a ganin hanya, sai kawunan gero. Maza suka ja igiya daga wata kuka zuwa wata tsamiya.

"Ku riƙe igiya! Kar wanda ya waiwaya!"

Da la'asar muka hau titi. Babu wanda ya kira salla. Da muka juya, rufin masallaci kaɗai ake gani.

Washegari motoci suka zo daga Dutse da abinci da tantuna. Allah ya saka wa waɗanda suka kawo. Amma tantin ƙarfe ne, sai maza huɗu suke ɗaga shi. Turakunsa ba sa shiga kwalta, sai da aka danne shi da duwatsu. Da rana cikinsa kamar tanda. In an yi ruwa ya bi ta ƙarƙashi ya jiƙa shimfiɗa. Gida uku a tanti ɗaya, babu labule. Ummi tana shayarwa ta juya fuska ga tamfol. Maza suka ji kunya, suka koma kwanan waje.

Ba mu daɗe ba ruwa ya fara cin gefen titi. Wata safiya kwalbati ya ɓalle. Mun ji ƙarar har a haƙoranmu. Masu kwale-kwale suka iso.

"Mutane kawai! Ba ma ɗaukar kaya!"

Muka bar tantunan a tsaye, ƙofofinsu a buɗe.

Daga kwale-kwale sai tifa. Ta sauke mu a wata makarantar firamare a hanyar Jahun. Azuzuwa sun riga sun cika da mutanen wasu garuruwa. Muka zauna a gindin darbejiya. Da magariba hadari ya haɗo ta gabas.

Inna ta ce a karyo mata rassa. Ita a ruga ta tashi, lokacin da mace take kwance ɗakinta da safe ta ɗora wa sa, da yamma ta kafa shi a wani wuri. Ta zauna ta riƙa nuna mini da baki: kafa nan, lanƙwaso, ɗaure da gefen zani. Muka rufa tabarma da zannuwa a kai. Ɗakin bai fi akurki da yawa ba. Na ce ta shiga.

"Sa mai jego," in ji ta.

Ummi ta shiga da jariri. Muka cusa Sadiya. Ni da Malam muka sa Inna a tsakiya, muka rufa mata rigarsa. Ruwa ya doke mu har gari ya waye.

Tari ya kama Inna. Daga tari sai zazzaɓi, sai numfashi ya fara yi mata wuya. Malam ya samu mai adaidaita-sahu ya kai ta asibiti. Ranar Juma'a ta cika. An binne ta a maƙabartar mutanen da ba su san sunanta ba, amma sun fito sun yi mata salla.

Bayan haka na daina kula masu zuwa da tambayoyi. Na gaji da faɗin abu ɗaya. Na ƙara wa bukkar rassa da buhunan taki, muka ci gaba da zama.

Wata rana wata mata ta tsuguna a ƙofar bukkar tana duba ɗaurin. Injiniya Rabi sunanta, tana koyarwa a wata makarantar fasaha a Dutse. Ta ce tun ambaliyar da ta wuce take ƙoƙarin ƙera ɗakin gudun ruwa.

"Goggo, me ya sa kuka bar tantunan farko?"

"Ba sa ɗaukuwa," na ce.

Ta dawo bayan mako da fayif na roba mai lanƙwasuwa da tamfol. Ita ta san abin da ban sani ba. Ta sa farin tamfol a sama don ya kori zafi. Ta ɗinke ƙasan da jikin kamar jaka, ruwa ba zai bi ta ƙarƙashi ba. Ta yi tagogi da raga saboda sauro. Ni na nuna mata lanƙwasar Inna. Na ce a sa labule a tsakiya. Na ce in mace ba za ta iya ɗaukarsa a ka da goyo a baya ba, to a bar shi, don ranar gudu maza suna ɗauke da tsofaffi.

Na farko iska ta kife shi. Sai ta ɗinka masa aljihu a gefe, a cika da yashi maimakon turke. Na biyu na yi gammo na ɗora, kafin na kai bakin titi wuyana ya ƙage. Ta rage fayif, ta canza tamfol. Ban yi murna ba, ban kuma ƙi ba. In ta zo, na tashi mu gwada.

Na uku ya zo ne bayan ruwa ya janye, mun koma kufan gidanmu. Babu ɗaki ko ɗaya a tsaye. Saniya ba ta dawo ba. Geron ya ruɓe a kwance. Na ɗauko ɗakin a ka daga titi har gida ban sauke ba. Ni da Sadiya muka kafa shi, babu namiji, kafin ruwan tuwo ya tafasa.

"Na mutum shida ne," in ji Injiniya. "Ku shiga mu gani."

Muka shiga, mu biyar. Malam ya zauna a bayan labule. Ummi ta kwantar da jariri, ta kwanta kusa da shi. Sadiya ta miƙe a gefena. Ta wajen bango akwai sauran wuri, daidai tabarma ɗaya.

Injiniya ta leƙo ta ce, "Ya ishe ku?"

Na ce ya isa.

Har yau a ciki muke kwana. Babu wanda ya matsa wurin.