Takobin Seydou da bai taɓa fita kube ba

Ku da ba ku san Seydou ba, shi ne tsohon direban nan na unguwarmu da ya shekara ashirin yana kai masu haƙar zinariya Tchibarakaten. An ce ko akuya ya gani tsaye a hamada sai ya ja birki ya tambaye ta ko tana da ruwa. Tafiyar kwana uku, shi sati yake yi, don duk motar da ta lalace a hanya tasa ce.

Da ciwon baya ya zaunar da shi, sai Hafiza, 'yar ƙanwarsa, ta dawo daga karatu a Yamai da wani wasa. Ita ke ba da labari, kowa da jaruminsa rubuce a takarda, ƙwayar lido ke yanke hukunci. Wanda jaruminsa ya mutu, a yage takardarsa. Duk Lahadi bayan la'asar suna kan tabarma a zaurensa.

Aka ba Seydou ƙato mai takobi. Wata biyar bai sari ko sauro ba. Da wani ya faɗi, sai ya ce, "Ni zan kai masa ruwa."

Abokinsa Inoussa tela kuwa, maharbi gare shi, yana ji da shi kamar ɗan fari. Har ɗan rawani ya ɗinka ya manna a takardar. Ran nan dodon rijiya ya make maharbin, ya zube.

Hafiza ta ce, "Kawu, kai ne. In ka tsaya jinya, dodo zai gama da ku duka biyu. In ka sare shi, ƙwaya ta ba da huɗu ko sama, ya mutu."

Inoussa ya riƙe takarda. "Seydou, don Allah yau kar ka ba ni ruwa."

"In na tafi sara, wa zai zauna da shi? Ba a barin mutum kwance shi kaɗai."

"Takarda ce fa, Kawu."

"To yage ta mana, ki ga ko tela zai ci tuwo yau."

Gardama har shayi ya huce. Can sai ga Kadidia, matar Seydou, za ta wuce da tiren shinkafa. Seydou ya ce ta zauna ta dafa takardar maharbin. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta ce ita da ta auri direba ba ta san jinyar takarda na cikin sadaki ba. Amma ta ajiye tire, ta ɗora tafin hannu a kan ɗan rawanin.

Sannan Seydou ya yi bisimilla ya jefa. Ƙwaya ta gangara, ta bugi kofin shayi, ta tsaya a biyar.

Ajiyar zuciyar da Inoussa ya yi, na rantse labulen zaure sai da ya ɗaga. Ya karɓi takardarsa, ya hure ta, ya linke ya sa a aljihun gaba.

Kadidia ta ce, "In tashi, ko maras lafiyar zai sha kunu?"